Ranka Ya Daɗe, Kashin Yawo

Shekarun nan rawani ya yi araha. Duk ƙarshen mako sai ka ji tambari da algaita a wani gari, an naɗa wane Garkuwan kaza, an naɗa wane Jarman kaza. Wanda ya haƙa rijiya ɗaya ya samu, wanda ya yi alkawarin haƙawa ma ya samu. Ban ƙi ba, Allah ya sanya alheri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, daga Dogon Daji har Kuchi, daga Jabo har Sanyinna, akwai wani bawan Allah da ya fi duk waɗannan shiga lungu da saƙo, ya fi su sanin tafin ƙafar talaka, bai taɓa tafiya Abuja ya bar mu ba, amma har yau ko hular dara ba a aza masa ba. Kashin yawo nake nufi.

Kada kowa ya yi dariya. Na san sunan ba ya shiga fada da daɗi, kuma maroƙin da za a ba aikin yi masa kirari zai sha gumi kafin ya sami inda zai ɓoye rabin farko. To laifin wa? Mu muka raɗa masa. Masana sun fi mu ladabi. Tun 1836 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, De Candolle, ya shigar da shi littafi da suna Acanthospermum hispidum, suna mai cika baki irin wanda ake bugawa a katin gayyata da ruwan zinari. In ka warware shi, ma'anarsa ba ta wuce iri mai ƙaya da jiki mai kaushin gashi ba, amma da Girkanci da Latin aka faɗa, kuma zagi in an yi shi da harshen da ba ka ji, yabo ne. Mutanen Brazil, waɗanda suka riga mu shan hannunsa, wasu na ce masa ƙarangiyar rago, na arewa maso gabashin ƙasar kuma suna ce masa ƙayar 'yan yawon duniya. Ka ji ikon Allah. Teku ce tsakaninmu da su, ba mu taɓa zama mun haɗa baki ba, amma mu da su duk da yawo muka shaide shi. Shaidu biyu kuwa ko gaban alƙali sun isa.

Saboda ɗan birni wanda ƙafarsa ta manta da ƙasa, bari in gabatar da mai girma. Ba dogo ba ne, in ya ƙoshi ya kai gwiwa, in ya sami wuri sosai ya taɓo cinya. Karansa na tashi ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, a haka a haka, kamar jam'iyya bayan zaɓen fid da gwani. Ganyensa bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, da gashi mai kaushi, in ka murza ka ji wani wari mai ɗaci-ɗaci ya bi maka yatsa. Furensa sai ka durƙusa ka nema: ɗan mitsitsi, ruwan ɗorawa, a maƙale daidai inda reshe ya rabu. Wannan shi ake kira tawali'u. Ƙuduji, ɓarawon gero da dawa, shi ne zai yi sata a ƙarƙashin ƙasa sa'an nan ya fito sarari ya caɓa ado da fure kowa na kallo. Kashin yawo bai san wannan fankamar ba. Duk abin da ya tara, a kan 'ya'ya yake kashewa.

Kuma 'ya'ya ne na nunawa. Kowane fure in ya ƙosa sai ya buɗe kamar tauraro, 'ya'ya biyar zuwa goma a jere, kowa ya juya kai waje. Ɗa guda bai kai ƙwayar wake ba, amma jikinsa duk ƙananan ƙugiyoyi ne, a kansa kuma ga ƙahoni biyu masu tsini. An raba aiki tun daga gida: ƙugiya ta kama, ƙaho ya huda. Da wuya ka ga ɗa ya faɗo ƙasa ba wani tsini nasa da ke kallon sama yana jiran rabo. Wane uba ne a cikinmu ya shirya 'ya'yansa haka kafin ya sake su duniya? Mu mukan sayar da gona mu kai yaro makaranta, ya dawo da takarda, ya zauna gindin dogon yaro shekara huɗu yana jiran a kira shi. Ɗan kashin yawo ranar da ya bar gida ranar yake kama aiki.

Ga shi kuma ɗan ƙasar waje. A wurin mutanen da ke girmama duk abin da aka ce daga waje aka kawo shi, ko da tsohon firij ne mai tari, wannan kaɗai ya isa a shimfiɗa masa buzu. Mahaifarsa Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Gidansu babba ne: a lissafin masana dangi ɗaya suke da shuwaka, da latas, da dayi namu wanda raƙumi ke so. Ya bar gida ba fasfo, ba biza, ba kuɗin jirgi. A Amurka ana danganta shigarsa jihar Fulorida da ƙasar da jiragen ruwa na ƙarni na 19 ke lodawa a cikinsu don su yi nauyi a kan teku, in sun iso tashar Pensacola su zubar. Wato a cikin shara ya sauka, yau kuwa manoman gyaɗa da auduga na Fulorida da Jojiya daloli suke kashewa a kan maganin feshi saboda shi. Yana Indiya. Yana Ostireliya, inda masu tumaki ke tsine masa don yana cusa kansa cikin gashin da suke sayarwa. Yana kusan ko'ina a Afirka mai zafi. Samarinmu na bi ta Agadas su ratsa Sahara, wasu su ƙare a cikin teku, suna neman abin da wannan haki ya samu yana kwance a jelar saniya. An ce baƙo raɓa ne. Wanda ya yi wannan karin maganar bai taka kashin yawo ba.

In kana son ka gane zurfin basirarsa, dubi 'yan garinsu. Gyaɗa, ko gujiya yadda muke cewa a nan, daga can ta fito, Turawan Fotugal suka tsallako da ita. Haka rogo, haka masara, haka kudaku da tonka da tumatir da gwanda. Dukansu baƙi ne daga wancan gefen duniya, kuma dukansu da halin talaka suka zo, suka duƙufa aiki ba ji ba gani. Gyaɗa ta fi kowa wauta. Jirgin ƙasa na isa Kano a 1911 ta ɗauki Arewa ta goya. Ta biya haraji, ta yi wa samari aure, ta tashi dala a Kano har ana ɗaukarta hoto ana kai wa Ingila, ta ba da mai, ta ba da ƙuli-ƙuli, ta ba da harawa, ƙasar da aka shuka ta ma takan bar mata ɗan sauran ƙarfi. Me ta samu? Fari ya buge ta a 1973, kuturta ta ƙarasa ta a 1975, dala ta baje, aka koma wa man fetur, aka manta da ita kamar ba a taɓa cin arzikinta ba. Duk tsawon wannan wahala ko mura kashin yawo bai yi ba. Yana nan a kunya ɗaya da 'yar garinsu, yana shan ruwanta, yana cin takinta, ranar cira kuma ya bi harawa ya hau kan ɗaki tare da ita. Zumunci ke nan. Ko a Jojiya gonar gyaɗa yake nema, bai yarda 'yar'uwa ta yi kaɗaici a baƙon wuri ba.

Matan da ke tsinkar gyaɗa da kaka su ne za su ba da shaidar wannan zumunci, in sun yarda su nuna maka yatsunsu. Haka mai sayen harawa a kasuwar Tambuwal, wanda zai cusa hannu cikin dami don ya ji laushi, ya zaro da sauri yana salati, ya rage kuɗin da ya taya. Manomi ya yi noma, ya ɗaure, ya ɗauko a kan jaki ko amalanke, amma mai yanke farashi na ƙarshe yana cikin damin a kwance.

Ƙayoyinmu na gida kuwa, Allah sarki, har yau ba su waye ba. Suna nan da tsohon tunanin cewa in ka soki mutum sai ka biya shi diyya. Bagaruwa ƙayarta kamar allura, amma da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jar akuyarmu, fatar da ta yi ta ratsa Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka zaci ta Maroko ce suka laƙaba mata sunan can. Aduwa ta soke ka, ta ba ka abin tsotsa, ta ba almajiri allo. Magarya ta ba yara abin tsinta, ta ba mamaci ganyen wanka. Gawo don tsabar kunya da damina yake zubar da ganye kada ya tare wa gero rana, sai rani ya yi ya fito da shi ya ciyar da dabba. Dayi duk tsininsa kiwon raƙumi ne. Ita kanta ƙarangiya da muke zagi safe da yamma, tana ɗanya dabba na cinta, kuma a shekarun yunwa, tun daga Kakalaba ta 1914 har farin 1973, in rumbu ya yi ƙaf, mutanen Sahel sun sha sussuke 'ya'yanta su daka su tuƙa. Duk waɗannan sun ɗauka zaman ƙasa haya ne, wata ya yi a biya. Sai da kashin yawo ya zo ya nuna musu ana iya soka kawai a wuce, kuma a fi mai biya yaɗuwa.

Dubi kwarjininsa wajen dabba. Akuya, wadda ba ta bar leda ba, ba ta bar takardar siminti ba, ba ta bar wankin da aka shanya ba, in ta iso gabansa sai ta sunsuna ta yi gaba. A 1978 masu bincike a Sudan sun ɗura wa awaki shi don su ga abin da zai faru, suka tarar ya ɓata musu hanta da ƙoda. Ashe akuya ta riga likitoci sani, rubutu ne kawai ba ta iya ba. To ga dabarar. Makiyaya guda, ga gamba, ga kyasuwa, ga harƙiya, ga shi a tsakani. Shanu su cinye masu daɗin tun ba su yi iri ba, su tattake saura, su yi masa kaftu da kofato, su zuba masa taki, su bar shi shi kaɗai da fili da rana. Da yamma su kwashi 'ya'yansa a jela da tsakanin kofato, su kai masa mashaya, su kai masa kara ranar kasuwa, su kai masa mashekari na gaba. Ladan dako kuwa, wata ta kwana tana ɗingishi don ƙaho ya shige mata tsakanin kofato ya yi ruwa, Bafillace ya kwance lalita ya sayi magani. A nuna mini attajirin da 'yan dakonsa ke kai masa kaya kyauta, su ji ciwo a hanya, su biya kuɗin magani daga aljihunsu.

Gaskiya mun taimaka masa, kuma ya kamata a rubuta mana lada. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, burtali kuwa ya girmi dokar nesa ba kusa ba. Sai muka yi ta gutsurar burtali taƙi-taƙi muna haɗawa da gona, bana kunya biyu, baɗi kunya uku, har hanyar da garke ke bi a baje ta koma siririya kamar tsagar kitso. Dabbobin ba su ragu ba, wurin takawa ne ya ragu. Ƙasa ta sha kofato ta mutu, ciyawar kirki ta yi ƙaura, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manomi da makiyayi suka yi ta jan juna gaban hakimi da alƙali a kan taku goma na ƙasa, wani lokaci har sanda ta yi magana, wani lokaci abin da ya fi sanda. In an gama shari'a, je ka duba taku goman nan ka ga wanda ya ci. Bai je kotu ba, bai ɗauki lauya ba, ko rantsuwa ba a ba shi ba.

Na san masu hassada ba za su rasa abin faɗi ba. Za su ce ai ba jarumi ba ne. Wai ba ya iya tsira inda gamba ta yi duhu, inuwa kaɗan ke karya shi. Wai saiwarsa ko yaro ya ja bayan ruwa sai ta biyo hannu. Wai damina ɗaya yake rayuwa, sara ɗaya na hauya a watan Yuli kafin ya yi fure ya gama da shi da zuriyarsa ta bana. Wai 'ya'yan ma 'yan shekaru suke yi a cikin ƙasa su mutu, don haka in aka dage damina uku ko huɗu a jere ana cire shi da wuri, sai ya zama abin nema. Duk na yarda, kuma a nan girman nasa yake. Wa ya gaya muku sai da ƙarfi ake mulki? Sani ake so, shi kuwa ya san inda ba za a ɗaga masa hauya ba. Ba ya daɗewa a gonar mai himma, wanda ke yin firi da maimai a kan kari. Tambaya ɗaya yake yi in ya iso gari: ina wurin da aka ce na kowa ne?

A can za ka same shi ya miƙe ƙafa. Filin makarantar firamare. Harabar ɗakin shan maganin da aka buɗe da kiɗa aka rufe da kwaɗo. Gindin famfon da ya daina ruwa tun kafin ƙyallen da aka yanka ranar buɗewa ya koɗe. Bakin kwalta, bayan kasuwa, hanyar maƙabarta. Akan kashe kuɗi a turo masu duba ayyuka daga birni, su zo a mota mai sanyi, a dama musu fura, a gasa musu rago, su rubuta an kammala su juya. Kashin yawo ba ya shan fura. Duk inda ka ga ya kai gwiwa a bakin ƙofa, to ƙofar ta shekara ba a buɗe ba, rahotonsa ke nan, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Bambancinsa da sauran masu dubawa ɗaya ne, shi duk abin da ya duba ya zama nasa.

Ga adalcin rabo. Takin zamani kan iso bayan gero ya fid da kai, a raba shi da kwano, a fara da wanda ya san wani. Kashin yawo da ruwan farko yake tsira, kowace unguwa ta sami kasonta, ba layi, ba dangwala yatsa, ba ya tambayar katin jam'iyya. A faɗin mazaɓar Kebbe da Tambuwal, in akwai wanda ya cika alkawari kowace shekara ba fashi kamarsa, a kawo sunansa in janye takardata.

Shekarun nan ma ya sami abokan aiki. Ta wajen Kebbe, inda daji ya haɗa mu da Zamfara, akwai gonakin da masu su suka daina zuwa saboda 'yan bindiga, akwai waɗanda aka shuka aka kasa komawa nomewa. Kowa ya janye, shi bai janye ba. Ba a taɓa aza masa harajin girbi ba, ba a taɓa ɗauke shi an nemi kuɗin fansa ba, don wa zai biya? A nan zan sassauta murya, abin ba na dariya ba ne ga wanda ya bar gonar ubansa ya koma raɓe a gidan dangi. Amma ko a nan sai ka sara masa, ya san gadon da magada ba sa iya zuwa karɓa.

Sai fannin magani, inda magoya bayansa suka fi ƙarfi. A nan da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma ana dafa ganyensa a sha don shawara da zazzaɓi da ciwon ciki. A Brazil saiwarsa ake dafawa da sukari don tari da fuka. Masana ma ba su raina shi ba: a 2012 wasu masu bincike na Jamhuriyar Benin da Beljiyam sun fitar da sinadarai biyu daga jikinsa, suka ga suna kashe ƙwayoyin cuta irin na zazzaɓin cizon sauro da na sammore a cikin kwalbar gwaji. Madalla. Sai dai kwalbar gwaji ba ta da hanta, kuma ruwan batir ma in ka zuba a kwalba zai kashe ƙwayar cuta. Shawara kuwa sau da yawa hanta ce ke kuka har abin ya fito a ido. To mutum hantarsa na kuka, sai a ɗebo hakin da ya ɓata hantar awakin Sudan, a tafasa, a cika masa moɗa ba awo ba ƙa'ida, a ce sha safe da yamma. In ya miƙe, kashin yawo ne ya warkar, mai tallar magani da lasifika zai faɗa ranar kasuwa. In ya tafi, kwana ne ya ƙare. Likitan asibiti ya yi shekara shida yana karatu, amma ya yi kuskure ɗaya har rediyo sai ta faɗa. Wa ya fi wani iya aiki?

Ni kaina almajirinsa ne, kuma ba zan yi butulci ba. A firamarenmu, wadda ba sai na faɗi sunanta ba, shi ne malamin da bai taɓa fashi ba, bai taɓa yajin aiki ba. Muna buga ƙwallon tsumma ba takalmi, shi ne alƙalin wasa: in ya busa, duk gudunka sai ka zauna. Shi ya koya mana tafiya da kai a sunkuye, abin da manya ke kira kunya. Shi ya koya mana tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. In na dawo gida ina ɗingishi, kakata ta zaro allura daga gefen zane ta ce, "Haba maigidana, ƙaya guda ɗai tas sa ka wanga kuka? Aje ƙahwa in gani." Ta tone, ta shafa man shanu, ta kore ni. Kashegari in koma in ɗauko wani darasin.

Hukumar makarantar ma ta san darajarsa. Horon wanda ya makara shi ne cirar kashin yawo da hannu, amma ba a taɓa ba da wannan horon a farkon damina ba, lokacin da yake ɗanye mai laushi ba ƙaya. Sai an dawo hutu, ya bushe, 'ya'ya sun ƙosa, sa'an nan a jera mu. Mu tumɓuke, mu jawo shi a ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan yana zubar da iri, mu tara a bakin shinge, mu koma aji da sauran a wando mu kai gida. Shekara shida muna yi masa shuka kyauta da sunan yaƙi da shi. Da na girma na ga yadda ake yaƙi da wasu abubuwan a ƙasar nan, sai na gane ashe manhaja ce aka koya mana tun da wuri.

Ƙaramar Sallar bara na je gida. Na sha shadda, na shimfiɗa darduma a filin Idi, na kai gwiwa ƙasa, sai na ji gaisuwar tsohon malamina ta ratso darduma da wando. Ban taɓa yin sujada mai cike da tuna Allah irin ta ranar ba. Da aka shafa na miƙe, gefen babbar rigata ya sha aiki zagaye, wanda ko maɗinkin Zariya bai isa ya jera haka ba. A hanyar komawa na ce wa ƙanen mahaifina, "Bappa, wai ba a share hilin ga?"

Ya ce, "An share shi mana, jiya-jiyan ga. Da tsintsiya."

Na ce ai da damina ya kamata a bi shi da hauya, tun bai yi 'ya'ya ba, yini ɗaya ya isa in samari sun fito.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi makullin motar da ke hannuna. "Gaskiya taka, ɗana. Hilin ga na kowa na. Kai da kaz zo da mota, ka taho da hauya?"

Ban amsa ba, na sunkuya ina cirar ƙaya. Da damina ta zo kuwa aiki ya yi mini yawa a birni.

Don haka nake roƙon masu naɗi su duba lamarin nan. Sarautar da ta dace da shi tana nan ba mai riƙe da ita, Magajin Kango. Ba sai an nemi wurin biki ba, duk filin da aka zaɓa za a tarar ya riga kowa isa. Kirari ma na rage wa maroƙa aiki: na Brazil, baƙon da ya gaji masu gida, mai ƙaho biyu, tunkuyinka daga ƙasa, dokinka jelar saniya, sirdinka wandon yaro, ka ci ba ka biya ba, an gode maka da magani. Rawani kuwa a sayo mai arha, don sau ɗaya za a naɗa. Da ya zagaya kansa ƙugiyoyi za su kama, ba iska, ba gwamna, ba kotun da za ta iya tuɓe shi.

Sharaɗi ɗaya ne, na al'ada, kuma ba a yi wa kowa sassauci: ba a shiga gaban basarake da takalmi. Manyan baƙi, da masu duba ayyuka, da 'yan kwangilar famfo, da waɗanda suka gutsuri burtali, da mai lasifika, da 'yan kwamitin tsintsiya, kowa ya tuɓe tun daga bakin fili, ya taka a hankali har gaban mai girma, ya zube ya kai gwiwa da tafin hannu ƙasa ya yi gaisuwa, kada ya tashi sai an amsa. Ni na ɗauki nauyin tsaron takalma a bakin ƙofa. Nawa dai ina neman alfarma a bar mini su a ƙafa, don ni na riga na kai tawa gaisuwar tun ranar Idi.